Tambayi Likita: Tarin da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa a Ƙirjin Mai Asma

Tun da hunturu ya kama, mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a kan tari suke magana, kuma da dama daga cikin masu rubutowar mutane ne da aka taɓa gaya musu suna da asma, ko kuma iyayen yara masu ita. Na zaɓi biyar daga ciki na taƙaita su, na kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce mai shekara 34, ina sana'ar ɗinki a gida. Tun ina budurwa aka tabbatar mini ina da asma, amma alhamdu lillahi na fi shekara biyu rabon da ta tashi mini har a kai ni asibiti. Damuwata ita ce wani busasshen tari da ya kama ni tun ɗaukewar damina, wanda ba ya barina barci, musamman daga ƙarfe uku na dare zuwa kiran assalatu. Na sha sirof kala-kala daga kemis, na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, na haɗa da zuma da citta, amma shiru kake ji. Idan na shaƙi shuɗiyar inhela sai ya lafa, washegari kuma ya dawo. Ƙirjina ba ya kuka kamar da, shi ya sa nake ganin ba asmar ba ce. Maigidana kuma ya fara tsoron ko tarin fuka ne. Mene ne abin yi? (Wata mai ɗinki, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan yanke hukunci a kan ƙirjin da ban saurara da kunnena ba, amma abubuwa uku da kika ambata, wato tarin busasshe ne, yana tsananta a ƙarshen dare, kuma yana lafawa idan kin shaƙi shuɗiyar inhela, sun isa su sa likitan ƙirji ya fara zargin asma kafin komai. Mutane da yawa suna ɗauka cewa asma ita ce wannan tashin da ake kwasar mutum ranga-ranga yana haki a nufi asibiti da shi, saboda haka matuƙar ba a kai ga haka ba sai a ce ta kwanta. Alhali kuwa ciwon yana zaune ne a ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu dare da rana, ko mai shi ya ji ko bai ji ba. Fatar da ke shimfiɗe a cikin waɗannan hanyoyi tana kumbura, tana fitar da majina mai yauƙi, jijiyoyin cikinta kuma suna zama masu saurin harzuƙa, ta yadda ɗan sanyi ko ɗan hayaƙi ko dariya mai ƙarfi, waɗanda ba za su dami mai lafiya ba, sai su tayar da tari. Kukan ƙirjin da kike jira ki ji yana zuwa ne sa'ad da naman da ke kewaye da hanyoyin ya matse su har iska ta riƙa fita da kyar, kuma akwai masu asma da ba su cika kaiwa wannan matakin ba, tarin kawai ake gani a wurinsu. Tsanantarsa gab da asuba ma tana da dalili, domin hanyoyin iska na kowane mutum sukan ɗan ƙuntata a wannan lokaci, sinadarin kotisol da jiki ke danne kumburi da shi yakan yi ƙasa cikin dare, ga sanyin asuba, ga kuma ƙurar katifa da matashin kai da mutum ya kwana yana shaƙa.

Ƙungiyar GINA, wadda ke fitar da ƙa'idojin kula da asma da likitocin duniya ke bi, ta tsara tambayoyi huɗu da ake yi wa mai asma game da makonni huɗun da suka wuce: shin alamun ciwon, har da tari, sun dame shi da rana fiye da sau biyu a mako, shin sun taɓa tayar da shi daga barci, shin ya buƙaci shuɗiyar inhela fiye da sau biyu a mako, kuma shin ciwon ya hana shi wani aiki da ya saba yi? Wanda ya amsa da a'a ga dukkansu, shi ne asmarsa ta kwanta da gaske. Wanda ya amsa da e ga ɗaya ko biyu, akwai sauran aiki, wanda kuwa ya amsa da e ga uku ko huɗu, asmarsa ba ta cikin iko ko kaɗan, ko da bai taɓa kwana a asibiti ba. Ke, Malama, kusan kullum kike farkawa kuma kusan kullum kike shaƙa, saboda haka ki yi lissafin da kanki.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ban ga inda kika ambaci wata inhela ban da shuɗiyar ba. Maganin da ke cikinta, salbutamol, yana sassauta naman da ya matse hanyoyin iska cikin 'yan mintoci, aikinsa ya ɗauki kamar awa huɗu zuwa shida, amma ba ya taɓa kumburin da ke haddasa matsewar. Kamar mutum ne ya kashe harshen wuta ya bar garwashi a ƙarƙashin toka. Shuɗiyar inhela galibi tana ɗauke da fesawa 200, kuma an tabbatar cewa mai ƙarar da uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin asma, haɗarin kuma yana ƙaruwa sosai ga mai ƙarar da ɗaya duk wata. Wannan ne ya sa tun shekarar 2019 GINA ta daina amincewa a bar baligi ko matashi da shuɗiyar inhela ita kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a shekarar 2019, cutar kuma ta yi sanadin mutuwar 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, inda ake dogaro da maganin gaggawa a bar na rigakafi. Abin da kike buƙata, idan likita ya tabbatar, shi ne inhela ta rigakafi mai ɗauke da ɗan sitiroyid, wato maganin danne kumburi, irin beclometasone ko budesonide, wadda galibi mai ruwan ƙasa ce, ana shaƙarta safe da yamma ko da tari ko babu. Akwai kuma wadda ta haɗa budesonide da formoterol a wuri guda, mai yin aikin rigakafi da na gaggawa tare, ga wanda ya samu kuma yake da halin saye.

Sirof ɗin tari da maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa asarar kuɗi ce a irin wannan hali, domin ba ƙwayar cuta ce ke kawo asma ba, kuma danne tari ba ya rage kumburi. Mai ɗauke da kodin ma, wanda Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, yana da haɗari na musamman ga mai asma saboda yana rage ƙarfin numfashi.

Tsoron maigidanki yana kan hanya, kuma ina goyon bayansa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma ƙa'ida ita ce duk tarin da ya kai mako biyu a gwada shi, ko mai shi yana da asma ko ba shi da ita, domin mutum ɗaya yana iya haɗa biyun. Gwajin kaki da na'urar GeneXpert kyauta ne a cibiyoyin tibi, wato tarin fuka, na gwamnati, haka ma maganin na wata shida. Idan kina zazzaɓin yamma, ko gumin dare mai jiƙa riga, ko rama, ko kin ga jini a kaki, to kada ki ƙara kwana ba ki je ba. Idan kakin ya ƙi fita saboda tarin busasshe ne, hoton ƙirji zai taimaka. Bayan wannan sai ki nemi gwajin ƙarfin numfashi, wanda akan samu a manyan asibitocin koyarwa irin na Shika da ke kusa da ke, inda za a sa ki hura iska da ƙarfi a cikin wata na'ura, a ba ki salbutamol, a jira kamar minti goma sha biyar a maimaita, a ga ko hanyoyin iskar sun buɗe.

Sai ki dubi ɗakin da kike kwana da wanda kike aiki. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa daga cikinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba mu da ikon tsayar da ita, sai dai a rufe hanci da takunkumi ko gefen mayafi a ranakun hazo, musamman da sassafe. Amma igiyar leƙo da ake kunnawa a rufe ƙofa a kwanta, da fiya-fiya, da kaskon turaren wuta a cikin ɗakin barci, da kafet da ya shekara ba a ɗaga shi ba, da tulin ƙyallayen ɗinki a ƙarƙashin keke, duk a hannunki suke. Gidan sauro ya fi miki igiyar leƙo, goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma ya fi shara da tsintsiya, turaren kuma a turara kayan a tsakar gida a bar su su sha iska kafin a shigo da su. Sai dai in ja kunnenki cewa gyaran ɗaki ba ya maye gurbin maganin rigakafi, taimaka masa kawai yake yi.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 ba ya iya buga ƙwallo da tsaransa, da ya ɗan yi gudu sai tari ya sarƙe shi har wani lokaci ya yi amai, kuma duk murar da ya yi sai ta sauka ƙirji ta yi makonni. A asibiti an ce asma ce, aka rubuta masa inhela biyu, amma mahaifiyata ta hana, ta ce duk wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita, kuma a ganinta beli ne, a kira wanzami ya cire. Ba na son saɓa mata, kuma ba na son cutar da yaron. (Wani uba, Maraɗi)

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa biyayyar mahaifiya, kuma babu shakka Hajiya lafiyar jikanta take nema. Amma batun beli ina roƙonka ka tsaya da ƙafarka. Belin nan tsoka ce da Allah ya halicci kowa da ita a ganɗa, ba ta kai ko kusa da inda tarin yaron yake tasowa ba, domin matsalarsa tana can ƙasa cikin huhu. Cire ta ba zai rage tarin ba, sai dai ya jawo haɗarin zubar jini mai yawa, da ruɓewar wurin, da cutar tetanus mai sandarar da jiki, da ciwon hanta idan askar ta taɓa jinin wani. Yaron da numfashinsa ke sarƙewa kuma jini ya cika masa maƙogwaro yana cikin haɗari ninki biyu.

Tarin da gudu ke tayarwa da murar da ke sauka ƙirji ta daɗe suna cikin sanannun alamun asmar yara da ba ta samu magani ba. A wurin yaro, tarin da ya wuce mako huɗu ya zama abin bincike, ba abin jira ba. Maganar cewa inhela tana bin jiki kuwa na san inda ta samo asali: mutane suna ganin wanda aka ba inhela yana amfani da ita shekara da shekaru, sai su ɗora wa maganin laifi, alhali ciwon ne mai daɗewa, kuma da ma saboda shi aka ba da ita. Babu wani abu mai sa maye ko sabo a cikinta. Ka gaya wa Hajiya wannan lissafin: fesawa ɗaya ta salbutamol maikrogiram 100 ce kuma kai tsaye take zuwa huhu, ƙwayar salbutamol ta haɗiya mai miligiram 4 kuwa daidai take da fesawa arba'in, kuma sai ta zaga jiki gaba ɗaya kafin ta isa inda ake buƙatarta, shi ya sa take sa karkarwar hannu da bugun zuciya. Saboda haka sirof da ƙwayar da iyaye suke ganin sun fi sauƙi su ne suka fi nauyi a jikin yaro. Akwai abu ɗaya da ya dace ka sani game da inhelar rigakafi, wato tana iya rage tsawon da yaro zai kai da kimanin santimita ɗaya, kuma a ganina wannan ƙaramin farashi ne idan aka auna shi da rashin barci da fashin makaranta da kwanan asibiti, waɗanda su ma suke tauye girma.

Yaro mai shekara 7 ba zai iya daidaita danna inhela da jan numfashi a lokaci guda ba, don haka yana buƙatar bututun roba da ake kira sifesa, wanda ake fesa maganin a ciki shi kuma ya shaƙa daga ɗaya bakin. Idan ba a samu na kanti ba, gorar ruwa ta roba mai cin rabin lita tana yin aikin, kuma wani bincike da likitocin yara suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ba ta gaza na kanti ba. Ana huda gindin gorar daidai girman bakin inhela ta yadda zai shiga ya matse ba tare da iska tana fita ba, a wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta ba tare da gogewa ba. Sai a girgiza inhelar, yaron ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida, sannan a sake girgizawa a yi ta biyu. Bayan ta rigakafin ya kurkure baki ya zubar, don kada farin kumfa ya fito masa a harshe.

Kada ka hana shi ƙwallo. Idan maganin ya zauna masa zai yi gudu kamar kowa, kuma idan bayan wata biyu ko uku gudun yana tayar masa da tari, alama ce ta a koma wurin likita a duba yadda ake shaƙar da kuma adadin. Amma duk ranar da ka ga ya kasa ƙarasa magana da numfashi ɗaya, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuyansa suna lotsawa, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko ya yi laushi yana gyangyaɗi, to ka zaunar da shi a miƙe, ka ba shi fesawa huɗu zuwa goma na shuɗiyar ta cikin gorar, ɗaya bayan ɗaya, ka maimaita bayan minti ashirin idan da buƙata, kuma duk wannan a kan hanyar asibiti za a yi shi. Shawarata ita ce ranar komawa asibiti ka tafi da Hajiya, ta yi tambayoyinta da bakinta, domin dattijuwa ta fi karɓar magana daga wanda ya ba ta girmanta ya zauna ya yi mata bayani.

Tambaya: Ni mai injin niƙa ne, shekarata 45. An ba ni inhela mai ruwan ƙasa, na yi mako guda ina shaƙa ban ji komai ba, ga ta da tsada, sai na ajiye. Wani mai kemis yana ba ni wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, prednisolone, da na sha tarin yake ɗaukewa, na kai wata biyar ina sha kullum. Yanzu fuskata ta cika, ga yawan ƙishirwa da fitsari. Akwai matsala? (Mai injin niƙa, Kano)

Amsa: Akwai matsala babba, Malam, kuma ina so ka je asibiti cikin makon nan a auna maka sukari da hawan jini, domin ƙishirwa da yawan fitsarin nan suna iya zama alamar ciwon sukari da ƙwayar ta tayar. Prednisolone, wanda sitiroyid ne na haɗiya, magani ne mai ceton rai idan asma ta tashi, amma na kwana biyar zuwa bakwai ake ba baligi, sannan a tsaya. Shan sa wata da watanni, shi da ɗan'uwansa dexamethasone, yana kumbura fuska, yana kawo sukari da hawan jini, yana cinye ƙashi, yana jawo yanar ido, yana kuma raunana garkuwar jiki har tarin fuka da ke kwance ya samu damar tashi. Duk da haka kada ka daina shi yau da kanka. Jikin da ya saba karɓar sitiroyid daga waje yakan rage samar da nasa, kuma yankewa farat ɗaya tana iya sa jini ya faɗi mutum ya suma, saboda haka likita ne zai riƙa rage maka a hankali yana mayar da kai kan inhela.

Inhelar da ka ajiye ba a yi ta don ka ji aikinta nan take ba. Takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin a fara ganin sauƙi, cikakken amfaninta kuma sai bayan wata biyu zuwa uku, kuma tari yana cikin alamun da suka fi jinkirin tafiya. Ban da haka, mafi yawan masu amfani da inhela ba sa shaƙarta daidai, maganin yana ƙarewa ne a harshe da ganɗa. Ana girgiza ta, a fitar da numfashi gaba ɗaya, a rufe bakinta da leɓɓa, a fara jan iska a hankali sannan a danna, a ci gaba da ja har ƙirji ya cika, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Ka tafi da ita asibiti ka shaƙa a gaban ma'aikacin lafiya ya gani, kuma gorar da na bayyana wa mai tambayar da ta gabata tana yi wa manya amfani. Kukanka na tsada gaskiya ne, domin farashin inhela ya yi tashin gwauron zabo a Nijeriya, musamman bayan kamfanin GSK mai yin Ventolin da Seretide ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a ƙasar. Amma akwai na wasu kamfanoni masu ɗauke da magani iri ɗaya a farashi mai sauƙi, ka roƙi likita ya rubuta sunan maganin ba sunan kamfani ba, ka kuma duba lambar NAFDAC a jikin kwalin.

Sana'arka ma abar dubawa ce. Ƙurar gari da dusa da ta barkono suna cikin abubuwan da ke haddasa asma ko su tsananta ta. Ka lura ko tarin yana raguwa a ranakun da ba ka buɗe injin ba, kamar hutun Sallah ko lokacin tafiya, ka gaya wa likita, domin idan haka ne to ƙarin magani kaɗai ba zai isa ba, sai an buɗe wa shagon tagogi, ka sa takunkumi mai kama fuska sosai, ko ka koma karɓar kuɗi daga bakin ƙofa wani ya tsaya kan injin.

Tambaya: Mahaifiyarmu mai shekara 62 tana da asma da hawan jini. Tun da aka sauya mata maganin hawan jini zuwa lisinopril take wani busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, an ƙara mata inhela amma babu canji. (Wata 'ya, Sakkwato)

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba kowane tarin mai asma ne na asma ba, kuma nata ya fi kama da na maganin. Lisinopril da danginsa, irin captopril da enalapril, sanannu ne wajen kawo irin wannan tari, kuma inhela ba ta yi masa komai. Ku koma wurin likitan da ya rubuta ya sauya mata wani, kada ta daina da kanta jinin ya hau. Tarin yakan tafi cikin mako ɗaya zuwa huɗu bayan sauyin, wani lokaci ya kai wata uku. Ku zuba duk magungunanta a jaka ku tafi da su, domin propranolol da atenolol da maganin ɗigon ido na timolol suna iya matse ƙirjin mai asma, haka ma asfirin da ibuprofen da diclofenac da tsofaffi ke sha don ciwon gwiwa suna tayar wa wasu da ita. Idan kuma tarin yana ƙaruwa da ta kwanta, ƙafafunta suna kumbura, to a duba zuciyarta, idan tana yawan ƙwannafi shi ma a faɗa.

Tambaya: Ina da juna biyu wata biyar. Da na gane ina da ciki sai na ajiye inhelar rigakafi don tsoron kada ta taɓa jaririn, yanzu tarin dare ya dawo. Ga azumi yana matsowa, ban san yadda zan yi da ita ba ko da na koma. (Wata amarya, Bauchi)

Amsa: Allah ya raba lafiya. Ki koma kan inhelarki, kuma ki sanar da masu yi miki awo cewa kin ajiye ta na wani lokaci. Magungunan rigakafi na shaƙa, irin budesonide da beclometasone, an daɗe ana ba masu juna biyu, kuma abin da ya fi zama haɗari ga jariri shi ne uwa ta rasa isasshiyar iska, domin daga jininki yake samun tasa. Asmar da aka bari ba magani tana ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini, da jariri maras nauyi, da hawan jinin masu ciki. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu asma ciwon yana tsananta musu a lokacin goyon ciki, yawanci a watannin tsakiya inda kike yanzu, kuma dawowar tarin dare ita ce sanarwar farko.

Batun azumi kuwa, inhelar rigakafi ta safe da yamma tana daidaituwa da sahur da buɗa-baki ba tare da wata wahala ba. Shuɗiyar ce ake iya buƙata da rana, kuma malamai sun yi saɓani a kan ko tana karya azumi, wasu sun ce ba ta karyawa saboda ba ci ba ce ba sha ba kuma huhu take nufa, wasu sun ce tana karyawa a rama daga baya, sai ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne maras lafiya da mai ciki da ke tsoron cutuwa suna da rangwame, saboda haka idan numfashi ya sarƙe da rana ki shaƙa nan take, kada ki jira magariba. Daga yau zuwa ranar awonki na gaba, ki riƙa rubuta a takarda daren da tari ya tashe ki da kuma sau nawa kika ɗauki shuɗiyar a kowace rana, ki miƙa wa likita, domin da wannan lissafin zai san ko adadin da kike shaƙa ya isa ko sai an ƙara.